Jawabin Sakataren Al'umma Kan Iyalan 'Yan Uwanmu Da Ke Tsare

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan uwa mazauna Sabo.

Maganata a yau kan iyalan mutanenmu ne da ke tsare a gidan yarin Agodi da sauran wurare. A Arewa idan aka kama maigida, akwai dangi kusa, akwai hatsi a rumbu. A nan Kurmi kuwa, ran da aka rufe ɗan dako ko ɗan acaba, ran nan ake sauke tukunya a gidansa. Kuɗin haya ya taru, a cire yara daga makaranta a ɗora musu talla.

Jama'a, mu sani yawancin waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Ko da ta tabbatar, ɗansa bai yi komai ba. Don Allah a daina yi wa yaro gori da ubansa.

Iyaye mata, ku riƙe waɗannan. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mata ko ɗa a madadin wanda ake nema. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don tana mace. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci yana da haƙƙin tafinta kyauta a kotu. Marar halin ɗaukar lauya kuma, akwai hukumar Legal Aid da aka kafa tun 1976 domin irinsa.

Ga roƙona. Duk gidan da abin ya shafa a sanar da ofishinmu da wuri, asiri a rufe. Dattawan da ke da gida da adireshi sananne su daure su tsaya beli, domin rashin mai tsayawa ke sa baƙo ya daɗe a ciki. Kowane layi ya ɗauki nauyin hatsi da littattafan yaran. A riƙa raka matan ziyara. Wadda ba ta iya karanta takardar kotu ta kawo ajin yaƙi da jahilci, mu karanta tare.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya kuɓutar da na tsare, Ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.