AMFANIN KOYON TARIHI

Jawabin da aka yi wa wani taron ɗalibai da iyayensu a Badun



An nemi in ce wani abu a kan amfanin koyon tarihi, na kuwa karɓa da murna, ko da yake ni ba malamin tarihi ba ne. Aikina gyaran labarai ne a gidan jarida. Kullum in an ajiye mini labari a kan tebur, tambaya uku nake yi masa: wa ya faɗa, da idonsa ya gani ko ji ya yi, kuma me zai samu in an yarda da maganarsa? Da na soma karanta littattafan tarihi sai na tarar ashe tambayoyin nan su ne jarin masanin tarihi, sai dai shi shaidunsa sun daɗe da barin duniya. Abin da na zo in gaya muku ke nan yau: koyon tarihi koyon auna labari ne kafin a karɓe shi.

Na san akwai iyayen da ke cewa tarihi ba ya kawo tuwo, gara yaro ya zama likita ko injiniya. Ba su kaɗai suka yi wannan tunani ba. Wajen shekarar 2009 an cire tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare na ƙasar nan, aka cusa guntayensa cikin wasu darussa, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da shi. Watau akwai samari da yawa da suka gama makaranta ba su taɓa zama ajin tarihi ba. To, bari mu duba abin da suka rasa.

A shekarar 1963 wani shaihun malamin tarihi na Jami'ar Oksfod ta Ingila, Hugh Trevor-Roper, ya faɗa a bainar jama'a cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, in ban da labarin abin da Turawa suka yi a cikinta, saura kuwa duhu ne. Maganar ta yi zafi ƙwarai, amma hujja ce ta rushe ta. Tun a 1956 Kenneth Dike, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Badun ɗin nan, ya buga littafinsa a kan ciniki da siyasa a yankin bakin Kogin Kwara, inda ya nuna yadda sarakuna da attajiran wurin suka yi mu'amala da Turawa a ƙarni na 19 bisa dabarar kansu. Shi ne kuma ya tsaya har aka kafa gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a 1954. A Arewa kuwa ƙasa da kanta ta ba da shaida. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, daga baya Bernard Fagg ya tattara su ya yi nazarinsu, aka kuma gano matoyar narka tama a Taruga wadda ta haura shekara 2,000. Mutanen da suka iya narka ƙarfe tun wancan zamani ba a duhu suke zaune ba.

Amma kada mu ɗauka ma'aunin nan don baƙo kaɗai aka yi shi. Tilas ne mu ɗora namu labarin a kansa. Ku ɗauki Tarihin Kano, littafin nan na Larabci da ya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Kowane ɗan makaranta ya haddace cewa Bagauda ya hau sarauta a shekarar 999. Daga ina wannan shekara ta fito? Littafin bai rubuta ta ba. Abin da ya bayar shi ne yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado. H. R. Palmer, wanda ya fassara shi da Ingilishi a 1908, shi ne ya yi ta ɗebe shekarun nan yana komawa baya har lissafi ya kai shi 999. In an yi kuskuren shekara goma a wani sarki, ko an tsallake wani, to lissafin duka ya goce. Wannan bai rage darajar littafin ba. A cikinsa ne muke samun labarin fara ginin ganuwa a zamanin Gijimasu, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, da kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Muhammadu Rumfa. Sai dai mai ilmi ya san abin da littafi ya faɗa, ya kuma san abin da aka ƙara masa daga baya. Daɗin daɗawa, littafin da kansa ya ce Bagauda ya tarar da jama'ar Barbushe a gindin Dala, masu tono kuma sun sami alamun narka ƙarfe a Dalan da aka ƙiyasta tun ƙarni na 7 ne. Ga takarda, ga ƙasa, kowace ta gaskata 'yar'uwarta cewa Kano ta girmi sarautarta.

Haka kuma labarin Bayajidda. Dukkanmu mun tashi da shi: baƙo ya zo daga gabas, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniyar Daura, zuriyarsa ta kafa Hausa Bakwai. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa a Kaduna, ya yi tambayar da ta dace. Ya nuna cewa labarin da kansa ya ce baƙon ya tarar da gari, da sarauniya, da rijiya, da maƙera, saboda haka ba zai yiwu a ce shi ya fara kafa mulki a ƙasar Hausa ba. A ganinsa mulki ya taso ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ta hanyar noma da sana'a da ciniki. Wasu masana sun yarda da shi, wasu sun ja, har yau kuwa ana tafka muhawara. Nan daɗin tarihi yake. Ɗalibin da ya shiga irin wannan muhawara ya koyi girmama labarin kakanninsa, ya kuma koyi yi masa tambaya ba tare da jin ya yi saɓo ba.

Yanzu bari in dawo gida, watau nan inda muke zaune. Da yawa cikinku a Kurmi aka haife ku, a nan aka haifi iyayenku. Wata rana wani zai ce muku ku baƙi ne, jiya kuka zo. In kun tafi Arewa kuma wani ya ce ku 'yan Kurmi ne. Yaron da bai san tarihi ba sai ya sunkuyar da kai, ko kuwa ya ɗauki dutse. Wanda ya sani zai amsa da natsuwa. Zai ce tun kafin jirgin ƙasa fatake ke tashi daga Kano da Sakkwato a ayari, ƙarƙashin madugu, su yi wata da watanni a hanya zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su saro goro a kasuwar Salaga. Zai ce da hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, noman goro kuma ya yaɗu a ƙasar Yarbawa wajen Agege da Shagamu, sai cinikin ya juyo nan, shanu suna gangarowa, goro yana haurawa. Zai ce a 1916 aka keɓe unguwar Sabo ta Badun, har wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinta ya rubuta littafi guda a kan tsarin fatoma da dillalanta, aka buga a 1969. Zai kuma gane cewa zaman nan bai ɗore fiye da shekara ɗari ba sai don mai masauki da baƙo kowa ya ga amfanin ɗan'uwansa. Wanda ya san haka ba ya raina mai gari, ba ya kuma yarda a raina shi.

Ga kuma amfani na yau da kullum. A zamanin nan labari yana shigowa aljihun mutum ta wayar hannu kafin ya wanke fuska. A turo hoton wani rikici da aka yi shekaru da suka wuce a wata ƙasa, a ce jiya aka yi a garin kaza, an kashe 'yan ƙabilarku. Mu da ke zaune cikin wasu al'ummu mun fi kowa sanin abin da irin wannan jita-jita ke jawowa, domin rumfunanmu ne a bakin hanya. Yaron da ya saba tambayar Palmer inda ya samo 999 ba zai tura irin wannan hoto ba sai ya tambayi wa ya ɗauka, yaushe, a ina. Likita ma da injiniya suna bukatar wannan hali, balle mai jefa ƙuri'a da ake yi wa alkawari.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Iyaye, in yaro ya ce tarihi yake so, kada a kashe masa gwiwa. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai kun shiga jami'a. Cikin hutun nan kowa ya nemi tsoho ɗaya a unguwarsu, namiji ko mace, ya zauna gabansa da ladabi, da takarda da alƙalami. Ku tambaye shi daga wane gari kakansa ya taso, wace sana'a ta kawo shi, gidan wa ya sauka, wa ke sarautar Hausawa a lokacin. Ku rubuta ranar da kuka yi hirar da sunan wanda ya faɗa. Sa'an nan ku je wurin tsoho na biyu ku yi masa tambayoyin nan, ku gwada amsoshin. Inda suka dace ku riƙe, inda suka saɓa ku ƙara bincike. In akwai tsofaffin wasiƙun ajami, ko takardun ciniki, ko hotuna a cikin adaka, a fito da su a adana kafin gara ta riga mu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, tsofaffin nan kuwa ba za su jira mu har abada ba.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.