Amsoshin Wasiƙunku: Ina Amfanin Binciken Jami'a?

Wani ɗan kasuwa daga Dawanau ya rubuto mana yana tambaya, wai binciken da malaman jami'a ke yi, ina amfaninsa ga mai sayar da wake?

To Alhaji, dubi buhun PICS. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a Kamaru ne suka tabbatar cewa in aka hana wake iska, ƙwaro zai mutu ba sai da magani ba. Amma dabarar ba ta yaɗu ba sai daga 2007, da aka haɗa kai da kamfanonin buhu da malaman gona, aka bi ƙauyuka ana gwadawa a gaban jama'a.

Leda biyu ce ciki, buhun saƙa a waje. Ka busar da waken sosai, ka tabbatar ledar ba huji, ka matse iskar, ka ɗaure kowace daban. Don Allah a daina barbaɗa guba a abincin mutane.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona, ko cibiyar NAERLS da ke Samaru, Zariya.

Allah ya ba da kasuwa, amin.