Baƙin yini ɗaya a Tiga

A Libaful ta Ingila, jirgin ruwan masu yawon buɗe ido kan tsaya da safe, fasinjoji su zaga gari, su sayi tsaraba, da yamma ya tashi. Yinin nan kaɗai na ciyar da 'yan kasuwa da dama.

Mu ma Allah ya ba mu ruwa. Madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ga masunta da kwale-kwalensu, ga soyayyen kifi da yaji a gaɓa, ga dajin Falgore can gaba. Sai dai baƙo na buƙatar inuwa, da tsaro a hanya, da jirgi lafiyayye mai rigunan kariya, domin har yau ba mu manta hatsarin kwale-kwalen Ɓagwai na 2021 ba.