Maganin Ciwon Damuwa da Mai Juna Biyu: Jawabi ga Iyaye Mata da Dattawa



Kusan duk ƙauyen da muka zaga yana da 'ya'ya a Kano. Wasu suna masana'antun jimar fata a Challawa da Sharaɗa, wasu suna kamfanonin roba a Bompai. In 'yarku ta sami juna biyu a can, gida take dawowa goyon ciki. Kan abin da take zuwa da shi a jakarta za mu yi magana yau.

Wata yarinya da mijinta ke leburanci a Challawa ta dawo gida da cikin wata bakwai, da kwalin ƙwayar da likita ya ɗora ta a kai tun kafin ta yi ciki. Uwarta ta zuba ƙwayar a masai, ta ce mai ciki ba ta shan maganin mahaukata. Ƙauna ce ta sa ta, ba mugunta ba. Kafin wata ya zagayo yarinyar ta daina ci, ba ta barci, tana cewa gara ta mutu. Sai da muka mai da ita asibiti.

Ciwon damuwa ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba. Mace takan yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ƙarfi, ba sha'awar komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mata 16 cikin 100 suna samun matsalar da ta shafi tunani lokacin ciki, kusan 20 kuma bayan haihuwa, yawanci wannan ciwon ne. Wanda ya san zaman ɗaki ɗaya na haya, miji yana aikin dare, yau kamfani ya ɗauka gobe ya sallama, ba uwa ba ƙanwa kusa, ba zai yi mamaki ba.

To, maganin yana cutar da jariri? Ba za mu ce muku babu komai ba. Wasu jariran da uwarsu ta sha shi a ƙarshen ciki sukan yi rawar jiki, yawan kuka da ƙin kama nono, amma yawanci yakan wuce cikin mako biyu. Shi ya sa a haihu a asibiti, a kuma gaya wa ungozoma. Magungunan ma ba ɗaya ba ne. Ku duba sunan da ke jikin kwali. A 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa paroxetine, in an sha shi a watanni 3 na farko, yana iya ƙara haɗarin nakasar zuciyar jariri. Likitoci da yawa sun fi zaɓar sertraline, domin kaɗan ne yake shiga ruwan nono.

Amma barin maganin ma yana da nasa haɗarin, shi ne mutane ba sa gani. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya bi mata 201 masu ciki da suka taɓa fama da ciwon mai tsanani. Waɗanda suka daina shan magani, 68 cikin 100 ciwon ya dawo musu. Waɗanda suka ci gaba, 26 ne. Macen da ciwon ya kayar ba ta zuwa awo, ba ta cin abinci, tana iya haifar bakwaini ko jariri marar nauyi. In kuma an yanke maganin dare ɗaya, jiri da rashin barci sukan biyo baya. Ko ragewa za a yi, likita ne zai rage a hankali.

Mun san wasu za su ce addu'a ta isa. Mu yi addu'a, fasto ya zo, Zumuntar Mata su zauna da ita. In ciwon bai yi tsanani ba, zama da shawarar ma'aikacin lafiya kan wadatar ba tare da ƙwaya ba. Sai dai ba mu taɓa ganin wanda ya ƙwace maganin hawan jini daga hannun dattijo don an yi masa addu'a ba. Kada kuma a je kemis a sayo tiramol ko ƙwayar barci, wai don hankalinta ya kwanta.

A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Masu kusa da Kaduna kuma akwai na Barnawa. A tafi da kwalin maganin da katin awo, miji ko uwa ta raka ta. In kuwa ta fara maganar kashe kanta, a kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai, a kuma kwashe maganin feshi da na ɓera daga gidan.