Injiniyan Ƙarfen Sabis a Bakin Iyakar Illela



Ranar Lahadi, idan kasuwar Illela ta cika ta batse, akwai abin da ake yi a kara wanda shekara 20 da suka wuce ba a san shi ba. An yi ciniki, an sallama sa, mai saye ya ce zai yi tiransifa, sai dillali da mai dabba su zuba wa waya ido suna jiran alat. Sabis na ɗaukewa ciniki ya tsaya cak, mai POS ya naɗe hannu, zagi kuwa ya tafi kan MTN ko Airtel. Amma wanda za a taso daga Sakkwato ya yi tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ya gyara, galibi ba ma'aikacin MTN ba ne, ba kuma na Airtel ba.

Da wayar salula ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, kowane kamfani shi ke kafa ƙarfensa, shi ke zuba mai, shi ke biyan injiniyansa. Daga baya lissafi ya canza. A 2014 MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa ƙarafunansa kimanin 9,000 ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya sayar da nasa ga American Tower. Kamfanin waya ya koma ɗan haya a kan ƙarfen da ya kafa da kuɗinsa. Kula da na'urorin da ke bisa ƙarfen ma aka riƙa ba kamfanoni irin su Huawei da Ericsson, su ma suka rarraba wa ƙananan 'yan kwangila. Injiniyan da jama'a ke gani da jaka a baya, shi ne na ƙarshe a wannan jeri, kuma takardar ɗaukarsa aiki na ɗauke da sunan kamfanin da ko maƙwabcinsa bai taɓa ji ba.

Aikinsa na farawa daga ɗakin sa ido da ke ɗaruruwan kilomitoci nesa da shi, inda allo ke nuna kowace tasha. Tasha ta mutu, a buɗe masa tikiti, daga wannan minti agogo ya fara ƙirga masa. In ya iso, maigadi ya buɗe ƙofa, da wuta yake farawa, domin yawancin mutuwar tasha matsalar wuta ce: ko gas ya ƙare a janareto, ko batir ya gaji, ko an zo da dare an kwashe shi. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 na dafa na'ura a cikin akwatinta. Idan wuta lafiya lau, sai ya jona kwamfutarsa ya karanta abin da na'urar ke kuka da shi. Wani lokaci amsar tana sama. Farin kwanon nan da ake hangowa a jikin ƙarfe dole ya fuskanci ɗan'uwansa na wata tasha daidai wa daida, iskar farkon damina kuwa kan karkata shi kaɗan, magana ta yanke. A nan sai a ɗaura ɗamarar hawa, a hau, wani na ƙasa yana kallon kwamfuta yana cewa a ƙara dama, a rage, har alƙaluma su daidaita. In kuwa tashar uwa ce da wasu ke ratayuwa a kanta, ƙauyuka da dama na jiran wannan hannu guda.

Bakin iyaka na da tasa damuwar. Sabis bai san shingen kwastan ba. Mutum na zaune a Illela wayarsa ta kama layin Ƙonni da ke tsallaken iyaka, ko Airtel na Nijar, ko Moov, ko Zamani, ya yi kira a cire masa kuɗin wanda ya fita ƙasar waje alhali bai bar ƙofar gidansa ba. Maganin yana hannun injiniya: a sunkuyar da eriya, a rage mata ƙarfi. Sai dai in an sunkuyar da yawa, ƙauyen da ke gaba ya rasa. 'Yan kasuwa dai sun yi wa kansu magani tuni, layi biyu a waya ɗaya, kamar yadda suke riƙe naira da sefa a aljihu ɗaya.

Abin da ya fi wahalar da wannan ma'aikaci, duk da haka, hukuncin da ake yankewa ne a ofisoshin da bai taɓa shiga ba. An rufe iyakoki a Agustan 2019. A Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka don daƙile fasa-ƙwauri, kuma Illela gaba ɗayanta tana cikin wannan da'ira. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa, ALTON, ta yi ta kukan cewa tankokin da ke kai wa tashoshinsu gas sun maƙale. Sai a Disamban 2020 aka buɗe iyakar Illela tare da Seme, Maigatari da Mfum.

A Satumban 2021 kuma aka umarce shi ya yi kishiyar aikinsa. Bayan an yi haka a Zamfara, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Tashar da aka kashe ba ta daina buƙatar gadi da kulawa, kuma wanda zai je duba ta zai bi hanyar da babu halin kiran kowa in wani abu ya faru. Sannan ga 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna suka rikice har nan arewa. Injiniyan unguwa, wanda ko spana bai da wurin sa wa a wannan matsala, shi aka riƙa tsarewa a masallaci ana tambaya.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya. Ma'aunin da ake auna shi da shi, wato awa nawa tasha ta yi a mace, bai san shingayen jami'ai da ke tsakanin Sakkwato da Illela ba, bai san akwai hanyar da mai hankali ba ya bi bayan magariba ba. In an wuce lokaci, kamfanin sama ya zabtare wa na ƙasa kuɗi, na ƙasa ya sauke fushinsa a kan wanda ba shi da na ƙasa da shi. A Satumban 2024 ƙungiyar manyan ma'aikatan sadarwa masu zaman kansu, PTECSSAN, ta tafi yajin aiki, kuma cikin koke-kokenta akwai fansho, inshorar lafiya, hutu da 'yancin shiga ƙungiya. A shekarar ce kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. An kyauta, ƙarfe da waya sun sami gata. Mai hawa ƙarfen yana nan yana jiran nasa.

Kada ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ji wannan su ja baya. Wannan aiki babbar makaranta ce. A shekara biyu yaro kan san janareto, sola, batir, wayar faiba da saita na'ura, abin da wani zai daɗe a ofis bai haɗa ba. Ɗan gari kuma yana da abin da baƙo ba shi da shi: ya san hanya, ya san gaisuwar hakimi, maigadi zai kira shi ya ce yau kada ya zo. Sai dai kafin ya sa hannu a takarda, ya tambayi wane kamfani ne ainihin ubangidansa, wa zai sayi man babur da ɗamarar hawa, kuma wa zai biya asibiti in ya faɗo.