Diyya Daga Aljihun Gwamnati: Wa Ya Cancanta?



Diyya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A shari'ar Musulunci, wanda ya yi ɓarna ko danginsa ne ke biya, in kuwa babu dangin, sai Baitulmali ya ɗauki nauyi. Ƙasashen Turawa ba su soma biyan irin wannan diyya daga aljihun gwamnati ba sai a 1963, lokacin da New Zealand ta kafa dokarta. Birtaniya ta bi sahu a 1964, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma a 1965. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa mai laifi matalauci ne, ko kuma ba a kama shi ba sam.

To, amma ba kowane mai rauni ne ke samu ba. A tsarin Birtaniya na 2012, da farko dai sai laifin ya kasance na cin zarafi, watau kamar duka, ko fyaɗe, ko kisa. Wanda aka yi wa sata kawai ba ya ciki. Na biyu, sai an kai ƙara wurin 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba, an kuma ba su haɗin kai. Na uku, a nemi diyyar cikin shekara 2, sai fa in da uzuri mai ƙarfi. Na huɗu, ana duba halin mai nema: wanda ya tsokano faɗan, ko yake da wani tabon hukunci a kansa, ana iya rage masa ko a hana shi ɗungum. Kuɗin yana farawa daga fam 1,000, ba ya wuce fam 500,000.

Sharaɗi kan zama kariya ga dukiyar jama'a, amma yakan zama zalunci. Alal misali, a tsarin 1964 an hana diyya ga wanda yake zaune gida ɗaya da wanda ya cuce shi a matsayin iyali, don gudun kada azzalumin ya ci moriyar kuɗin. Wannan ya rufe ƙofa ga yaran da aka ci zarafinsu a gidajen iyayensu, alhali ba su da wurin gudu. An gyara dokar a 1979, amma gyaran bai shafi waɗanda aka cuta kafin nan ba. Sai a 2019 aka soke sharaɗin, bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da shi a 2018.

Saboda haka, ya kamata duk ma'aikacin da aka ɗora wa tsara irin wannan doka ya fara tambayar kansa: wa sharaɗin nan zai bari a waje, kuma da wane laifi?