Ramin Kankare Na Ajiye Ɗanyar Ciyawa Don Shanun Tatsa



Duk wadda ake tatsar saniya a gidanta ta san yadda ƙwarya take raguwa da bazara. Kara ya bushe, saniya ta rame, kuɗin nonon da kike zubin adashe da shi ya yanke. Akwai dabarar da malaman gona suke kira sailej, wato a ajiye masara ko dawa tana ɗanya a rami har rani. Gini aikin maza ne, amma ke ce mai nono, don haka ki san abin da za ki faɗa wa maigida.

A zaɓi tudu, nesa da rijiya, domin ruwan da ciyawar ke tsatsowa yana ɓata ruwan sha. Rami mai tsawon ƙafa 10, faɗi ƙafa 6, zurfi ƙafa 4 zai ci kusan tan 4, wanda zai riƙe shanu biyu kimanin wata huɗu in ana haɗawa da dusa da harawa. Kwaɓin kankaren kuwa, awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Daɓen ya ɗan karkata gefe ɗaya, a yi wa bango shafe sumul. A yi ta ba shi ruwa kwana 7, a jira kwana 28 kafin a zuba kaya.

Idan ƙwayar masara ta fara tauri, a yanke ta da zangarniyarta, a daddatsa kamar gaɓar yatsa. A zuba kaɗan-kaɗan ana tattakewa sosai, a rufe da leda mai kauri, a danne da ƙasa. Kin ga yadda gasara take tsami ba ta ruɓe ba? Haka ake so. Iska ce mai ɓata ta.

Bayan mako 6 a buɗe gefe ɗaya kawai. Mai kyau tana ƙamshin tsami. Baƙa mai wari ko fumfuna a zubar. A ba saniya bayan an gama tatsa, kada nono ya ɗauki warin. Don Allah ki hana yara wasa wajen ramin, musamman makonnin farko, domin iskar da ke fita tana da guba.

Allah Ya sa albarka a garkenmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.